Tambayar da aka yi mini a Montreyal

Ƴan uwana na Maraɗi, ina gaishe ku da kyau. Yaya, ina gajiya, ina Inna da yara. Duk wanda ya kira ni daga gida, sanyi yake tambaya da aiki da kuɗin haya. Waɗannan mu bar su sai wata rana. Akwai abin da ya same ni a asibiti a nan Montreyal ta ƙasar Kanada cikin watan Fabrairu, har yau bai bar zuciyata ba, kuma na ga idan na yi shiru na ci amanarku.

Kwana huɗu na yi ƙeyata na sara kamar ana buga guduma. Rana ta biyar, da na taso daga aiki, sai na fara ganin duhu-duhu a gefen ido. Na yi abin da kowane ɗan Maraɗi zai yi idan yana da hali, na tsallake ƙananan wurare na nufi babban asibiti, sashen gaggawa, wanda muke ce wa ijans. Ƙarfe bakwai na yamma na shiga. Wata ma'aikaciya ta auna ni, ta yi mini ƴan tambayoyi, ta ce in je in zauna. A nan mataki biyar suke kasa marasa lafiya: na ɗaya shi ne wanda ke tsakanin rai da mutuwa, na biyar wanda zai iya kwana yana jira. Ba ruwansu da wanda ya riga zuwa, ba ruwansu da wa ka sani a ciki. Ni can ƙasa aka sa ni. Isha'i a kan kujerar roba na yi ta, asuba ma haka. Awa goma sha ɗaya na zauna, kuma a duk tsawon daren babu mutum ɗaya a ɗakin da ya juyo ya ce mini sannu. Na tuna yadda a gida, in ka kwanta ciwo, kafin azahar an cika ɗaki, wannan ta kawo kunu, wancan ya kawo fura, har sai an roƙi mutane su ba ka iska.

Da likitan ya kira ni, bai yi minti goma da ni ba. Ya ce jinina ya hau, 170 bisa 100, wato 17 bisa 10 a lissafin gida. Sai ya ce, "Wane ne likitan iyalinka?" Faransanci ya yi, na ji kalmomin sarai, amma ban taɓa kawowa a raina cewa mutum irina zai iya samun likita nasa na kansa ba. A wurinmu wannan sai manyan alhazai. Na ce ba ni da shi. Ya ce yaushe rabon da a auna maka jini? Na yi shiru. Ya ce wa ke da takardun lafiyarka? Na sake yin shiru. Bai wulaƙanta ni ba, amma kunyar da na ji ta fi ta zagi. Shekarata arba'in da huɗu, da mata da ƴaƴa uku, kuma babu wani mahaluki a bayan ƙasa da ke riƙe da takarda ɗaya game da jikina. Babur ɗin da na bari a gida yana da makaniken da ya san shi ciki da waje, ya san ranar da aka canza masa mai. Ni ba ni da kowa.

Ya rubuta mini maganin wata ɗaya, ya ce ijans ba wurin bibiyar hawan jini ba ne, in kira 811.

Kada ku ɗauka komai a nan zuma ne. Jihar Kebek tana ba mazauninta katin lafiya mai hoton rana, da shi kake ganin likita ba ka biya ko dala a wurin, don an riga an cire a haraji. Amma baƙo sai ya jira har wata uku kafin katin ya fara aiki, kuma samun likitan iyali wani dogon layi ne da ba ka ganin bakinsa. Kana rubuta sunanka ta intanet, sai ka zauna jira. Maƙwabcina ya shekara biyu ba a kira shi ba. Lambar 811 kuwa ma'aikatan jinya ne ke amsa ta dare da rana, wanda ba shi da likitan iyali ya danna 3 a nemo masa wurin da za a gan shi. Na yi kusan awa guda da waya a kunne, wata murya na ce mini in ƙara haƙuri. Haƙorin babba ba ya cikin katin, ranar da aka gaya mini kuɗin cike haƙori ɗaya sai da na lissafa buhun hatsi nawa ne. Motar asibiti ma, in ta ɗauke ka, takardar biya za ta biyo ka gida.

Bayan kwana tara aka ba ni randebu a wani ƙaramin asibitin unguwa. Wata mace ta shigo da ni ɗaki, ta gaishe ni, ta fara tambayoyi. Na amsa biyu, uku, sai na ce mata yaushe likitan zai shigo? Ta ce ita ce za ta duba ni, ita IPS ce, wato ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya mai izinin gano cuta da rubuta magani. Gaskiya raina ya ɓaci. A zuciyata na ce, bayan duk wannan jira sai a haɗa ni da anfirmiye? Raina ta na yi, irin rainin da na taso da shi tun daga gida, kuma ina roƙon Allah Ya yafe mini.

Minti arba'in da biyar matar nan ta yi da ni. Ta auna jinin a hannun dama da na hagu. Ta tambayi barcina, da aikin dare, da yawan gishiri da dunƙulen magi da ke shiga tukunyarmu. Ta tambayi yadda za mu tsara shan maganin idan azumi ya zo, ban ce mata komai kan azumi ba, ita ta kawo maganar. Ta rubuta gwajin jini da na fitsari, ta ce hawan jini yana cin ƙoda da ido da zuciya a ɓoye, mutum na yawo yana cewa lafiyarsa lau. Sai ta ce, "Mahaifinka yana raye?" Na ce a'a. Ta ce me ya yi ajalinsa?

Yaya, a nan ne hawaye suka ƙwace mini.

Ka tuna majon CSI ɗin unguwarmu, wato shugaban ma'aikatan jinya na ƙaramin asibitin gwamnati, wanda ya auna Baba shekara shida kafin rasuwarsa? Ya ce masa, "Malam, tansiyonka ya hau. Ƙwaya ɗaya kullum, ko ka ji sauƙi kada ka daina, kuma duk wata ka dawo in auna ka." Ya rubuta a karne, ƙaramin littafin asibiti, da jan biro, ina tsaye a wurin. Baba ya sha mako biyu, ciwon kai ya tafi, ya ajiye. Mu kuma ƴaƴansa muka ce ai majo ba dokta ba ne, me ya sani. Da ciwon ya dawo muka kai shi asibitin kuɗi cikin gari, daga nan Katsina, daga nan Kano. Ko'ina muka je daga farko ake farawa, sabon kati, sabon hoto, sabuwar takardar magani, kowa na ba da nasa ba tare da ya san abin da na baya ya ba da ba. Karnen nan mai jan biro ya ɓace a wani gyaran ɗaki. Mun kashe jikkuna masu yawa a mota da masauki, muna ganin mun yi wa mahaifinmu gata. Har ranar da ya faɗi wurin alwala kafin asuba, ɓarin jikinsa ya shanye. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da wannan. Amma maganar da matar nan ta faɗa mini a Montreyal, cikin ɗaki mai ɗumi da kwamfuta, ita ce dai maganar da majo ya faɗa wa Baba a ƙarƙashin rufin kwano, ba ragi ba ƙari.

Daga baya na bincika ko su wane ne waɗannan IPS. Mutum sai ya gama karatun jinya a jami'a, ya yi aiki aƙalla shekara biyu, sannan ya koma ya yi digiri na biyu haɗe da ƙarin karatun likitanci. Tun watan Janairun 2021 dokar Kebek ta ba su damar gano cututtuka da kansu. A asibitin da nake zuwa suna aiki kafaɗa da kafaɗa da likitocin iyali, abin da ya fi ƙarfinta ta shiga ɗakin likita su tattauna, abin da ya fi ƙarfinsu duka su tura ka wurin likitan zuciya ko na ƙoda da wasiƙa, amsar kuma ta dawo hannunsu. Shi kansa likitancin iyali fanni ne da ake zama a karanta shekara biyu bayan an gama makarantar likita, kuma kusan rabin likitocin Kanada su ne. Asalin aikin IPS daga Amurka ne, a 1965, a jihar Kolorado, inda wata malamar jinya mai suna Loretta Ford da wani likitan yara, Henry Silver, suka fara horar da ma'aikatan jinya saboda yaran karkara ba su da likita. Rashi ne ya haifar da shi, irin rashin da muka sani. Su da suka ga ma'aikacin jinya ne ke kusa da jama'a, sai suka ƙara masa ilimi da izini da albashi. Mu majonmu ya daɗe yana wannan aikin daga Dakoro har Madarumfa, shi ne mai auna ciki, shi ne mai ɗinke rauni, shi ake bugun ƙofarsa ƙarfe biyu na dare, amma ko sunan kirki ba mu ba shi ba.

Kuma sai na faɗi laifinmu, don ni ma da shi na zo nan. In ba a yi mana allura ko ƙarin ruwa ba, sai mu ce ba a duba mu ba. Ƴata ƙarama ta yi mura da tari, na kai ta wurin matar nan, na nace sai ta rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ta duba kunnenta da maƙogwaronta, ta saurari ƙirjinta, ta ce ba ta buƙata, ta gaya mini alamomin da in na gani in dawo da ita nan take. Na fita ina huci, na je farmasi, suka ce ba sa sayarwa sai da takardar likita. Kwana biyar yarinya ta warke. A gida da tuni na tsayar da mai tire a bakin kasuwa, na sayi ja-da-rawaya guda huɗu da suka wuni cikin rana, na ba ta biyu na ajiye biyu. Muna shan magani kwana uku mu daina. Muna karɓar ragowar maganin maƙwabci don ciwonmu ya yi kama da nasa. Karne kuwa mun mai da shi takardar ƙunshe ƙosai. A nan magungunana da sakamakon gwajina suna cikin kundi ɗaya a kwamfuta, wanda likita da mai farmasi ke iya buɗewa. Mu da ba mu kai nan ba tukuna, ƙaramin littafin nan shi ne kundinmu, kuma mu da kanmu muke yar da shi.

Ba na cewa laifin duka namu ne. Na san yadda CSI ke cika da damina, mata da goyo har bakin titi, yara jiki zafi rau, ma'aikaci ɗaya ko biyu. Wanda ke da wannan layin a gabansa ba zai iya ba ka minti arba'in da biyar ba. Tun 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, abu mai kyau ƙwarai, amma idan kuɗin da gwamnati za ta mayar ya yi jinkiri, kantar magani sai ta bushe, a miƙa wa uwa takarda ta je ta saya. Sannan da majo ya fara sanin mutanen unguwa, ya san wa ke da suga wa ke da tansiyo, sai a yi masa canjin wuri, sabo ya zo ya fara daga tushe. Babban asibitin da aka gina mana a Maraɗi abin godiya ne, ba na raina shi. Amma idan ƴan siyasa suka zo neman goyon baya, ina so mu riƙa tambayarsu abin da ke ƙasa: akwai abin awon jini mai aiki a kowane CSI da kowane ɗakin shan magani na ƙauye? Akwai maganin hawan jini da na suga da talaka zai iya saye duk wata? Akwai hanyar da majo mai shekara goma yana aiki zai koma makaranta, ya fito da takardar da ta dace da nauyin da yake ɗauka? Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana yaye likitoci a cikin garinmu. Ina fata a wayi gari wasu daga cikinsu su zaɓi zama likitocin unguwa da alfahari, a biya su yadda ba za su riƙa hangen Yamai ko waje ba. Kwamitin da ke kula da CSI na unguwa ma, mu daina barin sa ga mutum uku, mu shiga a yi da mu.

Yanzu jinina ya sauko 13 bisa 8. Ƙwaya ɗaya nake sha bayan sallar asuba, uwargida ta rage gishiri da magi, yara sun yi ƙorafi mako ɗaya sun saba. Har yau ban samu likitan iyali ba, sunana na cikin layi, amma matar nan ta ce in dawo wurinta bayan wata uku, kuma ranar da na koma ba ta tambaye ni daga farko ba. Ta buɗe kundina ta ce, "Yaya ciwon ƙeyar?" Ta kuma ce in gaya wa ƴan uwana na jini su je a auna su, don abin yana bin dangi.

Saboda haka, Yaya, ina roƙonka don Allah. Ranar Litinin ka ɗauki Inna ka kai ta CSI a auna ta, kai ma ka miƙa hannunka, da ƙannenmu mata. Ku sayi sabon karne kowa da nasa, a sa su cikin leda a ajiye tare da takardun gida. Na ba wani ɗan uwa da zai sauka Yamai ƙarshen wata abin awon jini na hannu, mai aiki da batir, zai aiko maka da shi ta mota. Abin da majo ya rubuta, ka ɗauki hotonsa ka turo mini ta WhatsApp. In kuma tsohon majon nan yana raye, ka nemo mini inda yake, ina so in kira shi in gaishe shi.