Ƙarar tafet a mashin ɗina, da bakaniken da ya ƙi taɓa inji da zafi

Wata uku ke nan da gyaran. Da gangan na jinkirta wannan sharhi, domin ba a yabon gyaran mashin ran da aka yi shi.

Mashin ɗina Jincheng ne roba-roba, da shi nake zirga-zirga tsakanin Rikkos da Farin Gada. Cikin hunturun da ya wuce ya fara wata ƙara daga kan inji, tik-tik-tik, kamar keken ɗinki. Na ɗauka sanyin Jos ne ya sa baƙin mai yin kauri, amma ko inji ya ɗau zafi ƙarar ba ta tafiya. Na tsaya wurin wani yaro a bakin titi, ya kwance murafun tafet, inda ake saita ratar bawul (ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi), da injin yana turiri, ya ɗaure da kunne kawai. Minti biyar, ƙara ta ɗauke ɗif, na biya ina murna.

Ba a yi mako ba mashin ya canza hali. Da asuba sai na buga kik kusan goma kafin ya tashi, silo ba ya tsayawa, in na hau tudu sai ya riƙa nishi, salansa na tari.

Wani maƙwabcina ne ya kai ni wurin wani dattijo a wajen Dilimi, kuma aikinsa nake son yin magana a kai. Da farko ya sa na tada mashin, ya ɗora bakin dogon sukudireba a kan inji, ya kara ƙotar a kunnensa. Ya matsa gefen hagu inda sarkar taimin, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, take, ya sake saurarawa. Sai ya ce, "Malam, kashe shi ka je ka dawo bayan azahar. Ba na auna bawul da zafi." Gaskiya raina ya ɗan sosu, don ina da uzuri. Na ce, "Baba, ba za a iya yanzu ba?" Ya ce ƙarfe in ya yi zafi buɗewa yake, abin da ka auna a lokacin ba shi ne gaskiyar ratar ba.

Da na dawo ya cire filogi, ya juya maganeto da hannu har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin inji, a lokacin da fistin yake sama kuma bawul biyun suna rufe. Ya ce in taɓa roka, wato ƙarfen da ke danna bawul ya buɗe, da yatsa. Ta bawul ɗin shigar mai tana ɗan motsi, ta bawul ɗin hayaƙi kuwa ko gezau. Yaron nan ya matse ta har bawul ɗin ba ya zama sosai a mazauninsa. Ta nan ƙarfin inji yake zurarewa, kuma ga babban haɗarin: bawul ɗin hayaƙi ta wurin zaman nan yake sauke zafinsa, in bai zauna ba sai bakinsa ya ƙone. Ashe shirun da na yi wa murna ya fi ƙarar illa.

Bai tsaya nan ba, ya nemi asalin ƙarar farko. Ya zaro rokar ya nuna mini a hasken rana: inda take gogar kam, sandar da ke juyawa tana ɗaga roka, ya ci, ya yi ɗan rami mai sheƙi. Ya buɗe ƙasan inji, ga rariyar mai ta cushe da baƙin laka, man da ya kamata ya hau sama bai isa yadda ya dace. Wannan laifina ne, na daɗe ina ƙara mai ba na juye. Wani abu da ya koya mini kuma ya zauna mini a kai: kam juyi ɗaya yake yi a duk juyi biyu na inji, shi ya sa ƙarar tafet take zuwa a jere a natse, ita kuwa sarkar taimin in ta saki kacau-kacau take yi.

Ya sa sabuwar roka, ya zura siririn ƙarfen awo mai kaurin milimita 0.05 tsakanin kan bawul da sukurun roka, ya murɗa har ƙarfen yana fita da ɗan ja kaɗan, ya riƙe sukurun ya ɗaure noti. Ya sake aunawa, don ɗaurin noti kan gusar da shi. Sannan juye da mai 20W-50.

Inda ban ji daɗi ba: rumfar ƙunci gare ta, babu wurin zama, kuma yini guda na rasa a shago. Ni ya aika in sayo rokar da kaina, sau biyu ina komawa saboda ta farko ya ce jabu ce. Kuɗin aikinsa ma ya ninka na yaron bakin titi. Duk da haka, wanda ya ji irin wannan ƙara, in zai iya haƙurin jira, irin wannan hannu nake ba shi shawara ya nema.

Yanzu kik ɗaya ko biyu yake tashi, ko da sanyin asuba. Akwai 'yar siririyar tik-tik da ta rage, wadda sai ka sunkuya kake ji. Na koma na tambaye shi, ya saurara ya ce a bar ta haka, in dawo a sake aunawa in na yi juye biyu.