Fluke 805: na'urar awon jijjigar inji, ga masu casar shinkafa da matsar gyaɗa a Gombe

Tsohon bakanike yana ɗora bakin sukundireba a kan gidan boris, ya kanga kunnensa a ƙota, ya ce wannan boris ɗin ya kusa tafiya. Sau da yawa yana da gaskiya, amma kunne ba ya ajiye lamba, kuma abin da ya ji yau ba zai iya gwada shi da na watan jiya ba. Wannan giɓin ne Fluke 805 take cikewa.

Na'ura ce ta riƙewa a hannu, mai aiki da batir AA guda biyu. Idan aka danna bakinta a jikin inji takan ba da awo uku a lokaci guda: jimillar jijjiga daga 10 zuwa 1,000 Hz (wato yawan bugu a sakan ɗaya), lafiyar boris daga 4,000 zuwa 20,000 Hz, da zafin wurin ta hanyar infrared, daga -20 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyos. Tana ajiye awo 3,500, ana kuma kwashe su zuwa Excel ta USB.

Abin da ya fi burge mu shi ne sensar ƙarfin dannawa da ke bakinta. Matsalar ƙananan mitocin jijjiga masu araha ita ce mutum biyu su auna wuri ɗaya su samu lamba biyu, domin wannan ya danna da ƙarfi, wancan ya ɗora sama-sama. Ita 805 idan dannawar ba ta kai ba, ko aka ɗaga hannu da wuri, sai jar fitila ta kama, ta ƙi ba da awo. A masana'antar da yara masu koyon aiki ke zagayen duba injuna, wannan kaɗai babban abu ne.

Awon boris, wanda kamfanin ya kira CF+, shi ma an yi masa tunani. A tsohon lissafi ana raba ƙololuwar bugu da matsakaicin jijjiga. Idan boris ya fara tsagewa lambar takan hau, amma idan lalacewar ta game ko'ina sai matsakaicin ya hau shi ma, lambar ta sauko, mai awo ya ɗauka sauƙi aka samu alhali ana dab da tsayawa. CF+ hawa yake yi kawai: 1 zuwa 5 lafiya lau, 6 zuwa 10 ba laifi, 11 zuwa 15 a shirya canji, sama da 15 kada a jira. Kafin a yanke wa boris hukunci, a sa masa giris daidai gwargwado a sake aunawa washegari. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa na busar da giris, kuma busasshen boris yakan ba da lamba mai tsoratarwa ko bai lalace ba. Idan lambar ta sauka sannan ta dawo cikin 'yan kwanaki, to ciwon na ciki ne.

A auna a kan ƙarfe mai kauri, kusa da boris iya kusanci, a kwance, a tsaye, da kuma ta tsawon shaf. Kada a ɗora a murfin fanka ko garkuwar bel, gwangwani ne, rawarsa daban. A goge wurin, a yi masa alama da fenti don a riƙa komawa daidai nan. Inji ya kasance ya yi zafi kuma yana ɗauke da kayansa na kullum. A rubuta ko a kan wutar kamfanin lantarki na JED aka auna ko a kan janareta, domin janaretan da ya kauce daga 50 Hz yana canza gudun moto, jijjiga ta canza tare da shi. Ga moto mai kilowat 15 zuwa 300 da ke kan ƙaƙƙarfar daɓen siminti, ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 10816-3, wanda ISO 20816-3 ya maye gurbinsa a 2022, ya ɗauki jijjiga har 2.8 mm/s (milimita a sakan) a matsayin abin da za a iya ci gaba da aiki da shi, sama da 4.5 kuwa ɓarna ce ke tafe.

Yanzu ga inda Fluke 805 ta gaza. Ba ta nuna jadawalin da ke rarrabe jijjiga bisa yawan bugunta a sakan, don haka za ta ce jijjiga ta yi yawa amma ba za ta ce rashin saitin kofulin ba ne, ko fanka ce ta tara datti a gefe ɗaya, ko notin ƙafa ne ya kwance. Gwani zai iya hasashe, misali jijjiga mai yawa ta tsawon shaf takan nuna rashin saiti, amma tabbatarwa sai da babbar na'ura irin Fluke 810. Na biyu, 10 Hz daidai yake da juyi 600 a minti. Moto mai juyi 1,450 ko 2,900 yana cikin da'irarta, amma sukurun injin matsar man gyaɗa da ke bayan giyabos yana juyi a hankali ƙwarai, ba za ta ga bugun juyinsa ba. Awon zafin kuma yakan nuna ƙasa da gaskiya a kan ƙarfe mai ƙyalli, sai a auna a kan fenti.

Tana da tsada, kuma farashinta na bin dala. Mai injin niƙa ɗaya a unguwa ba ya buƙatarta. Amma masana'antar da ke da moto goma ko fiye, ko masu kula da famfunan ruwa irin waɗanda ke turo ruwan Dadin Kowa zuwa cikin gari, za ta biya kuɗinta da sharaɗi ɗaya: a ware mutum ya riƙa zagaye duk mako biyu, a wurare iri ɗaya, yana shigar da lambobin a jadawali. Moto da ya tashi daga 1.5 zuwa 2.6 mm/s cikin wata biyu ya fi buƙatar a buɗe shi a kan wanda ya shekara yana zaune a 3.