Subtitle Edit ta fitar da ni kunya a aikin hirar marini

Hira ce ta minti 40 da na ɗauka da waya da wani dattijo marini a Ƙofar Mata, Kano. Na kwana biyu ina rubuta maganarsa kalma bayan kalma domin a sa a ƙasan bidiyo, saboda akwai kurame cikin masu bibiyata, kuma su ma suna da haƙƙin sanin abin da Baba ya faɗa a kan shuni da toka. Da na ɗora rubutun a manhajar da nake tacewa, farkon ya zauna daram. Kafin minti 10 ya fara riga bakinsa. Can wajen ƙarshe, Baba bai buɗe baki ba amsarsa ta riga ta fito ta wuce. Raina ya ɓaci sosai.

Na yi ta jan layukan da hannu, in gyara gaba baya ta lalace. Sai wani abokin sana'a ya ce in gwada Subtitle Edit, manhajar daidaita rubutun ƙasan bidiyo da magana. Kyauta ce, kuma a kwamfuta ake aiki da ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne zanen sautin da take shimfiɗawa a ƙasa. Da ido kake ganin inda murya ta tashi da inda ta sauka. A nan na gane cewa saɓanin iri biyu ne. Idan tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, sai ka matsar da layukan gaba ɗaya, aikin daƙiƙa kaɗan. Nawa kuwa ƙaruwa yake yi, alamar gudun hoton ne ya bambanta. Waya ba ta tsayawa a kan hoto 30 a daƙiƙa, takan rage idan haske ya yi ƙasa, kuma mun yi hirar ne har dab da magariba. Don haka na fara bi da bidiyon ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, na tsayar da shi a 30 cur. Sannan na dawo na nuna wa Subtitle Edit gurbin layin farko da na ƙarshe, ita ta daidaita na tsakiya. Wurare uku kawai na taɓa da hannu.

Shawarata ga masu rubutun Hausa, ku ajiye fayil ɗin rubutun ƙasan bidiyon, wato SRT, a tsarin haruffa na UTF-8. In ba haka ba ɓ da ɗ da ƙ za su koma alamar tambaya, kuma kowa ya san ƙasa daban, kasa daban.

Maɓallan Subtitle Edit suna da yawa, sabon shiga zai ɗan sha wuya a yinin farko. Amma ranar da na kunna wa wani matashi kurma a unguwarmu bidiyon, ya bi hirar har ƙarshe, sannan ya rubuto mini a takarda yana tambayar kwana nawa ganyen baba na shuni yake yi a cikin karofi kafin a fara rini.