Sau biyu na kwanta a na'urar MRI saboda ƙarin cinyata

Ƙari ne ya fito mini a cinyar dama, ba zafi ba komai, sai dai kullum ƙara girma yake. Da aka yi sikanin irin na masu juna biyu, aka ce ya kai santimita 6, kuma yana can cikin tsoka. Likitan tiyata ya ce ƙarin da ya wuce santimita 5 ko ya yi zurfi haka, shi ba ya sa masa wuƙa sai ya ga hoton MRI, wato hoton cikin jiki da wata na'ura ke ɗauka da ƙarfin maganaɗisu. Ko gutsurar naman gwaji ma sai bayan hoton, don allurar kan bar jini da kumburin da za su dagula abin da ake son gani.

Wurin da na je tsaf yake, ba laifi. Suka sa na cire duk wani ƙarfe saboda maganaɗisun na'urar, ma'aikaciyar ta manna wani ɗan ƙwaya a daidai kan ƙarin don ya fito a hoto, ta ba ni abin toshe kunne. Wajen minti 40 ina kwance kamar gunki, na'ura na ƙwanƙwasa kamar ana fasa dutse, tafin ƙafata na ƙaiƙayi ba damar sosawa. Motsi kaɗan, hoto ya lalace.

Ina saukowa, ina murna an gama, sai aka ce wai sauran kashi na biyu, wanda ake zuba ruwan gadoliniyom ta jijiya don a ga yadda jini ke shiga ƙarin, kuma su ba sa ba da shi sai da sakamakon gwajin ƙoda. Haba jama'a! Ranar da na karɓi lokaci, takardar likitan na hannunsu, an rubuta allurar ɓaro-ɓaro. Me ya hana a faɗa mini tun a nan? Haka na yi kwana huɗu ina zulumi, na sake dawowa na kwanta.

Hoton kam ya yi kyau, ba zan ci amanarsu ba. Likita ya nuna mini iyakar ƙarin, da yadda ya matso kusa da babbar jijiya bai naɗe ta ba, ya ce yanzu ya san ta inda zai shigar da allurar gwaji. Har na fara cewa na yafe musu. Sai na tuna rahoton ma sai da na kira waya sau uku, kuma a shafin farko sun rubuta cinyar hagu.