Uberti ko Pietta: wacce za a saya a libarbar albarushi?

Wani ɗan'uwanmu mazaunin Amurka ya yi tambaya. Yana son sayen sabon ƙiren libarba irin ta zamanin yaƙin basasar ƙasar, wadda ake ɗura wa baƙin albarushi, sai ya tarar ta kamfanin Uberti ta ɗara ta Pietta tsada. Shin ƙarin kuɗin ya cancanta?

Malam, duka biyun 'yan Italiya ne, daga lardin Brescia. Aldo Uberti ya kafa nasa a 1959 a Gardone Val Trompia, yanzu yana ƙarƙashin Beretta. Giuseppe Pietta kuwa ya fara a 1963, masana'antarsa tana Gussago. Kowace bindiga sai ta bi ta gidan gwaji na Gardone kafin ta fito kasuwa, shi ya sa za ka ga hatimin PN a jikinta, alamar an gwada ta da baƙin albarushi.

Wajen kyan gani, Uberti ce gaba. Gogewar ƙarfenta ta fi laushi, katakon mariƙin ya fi zama daidai, siffarta kuma ta fi kusa da ta asali. Rubutun kamfani ma a ƙarƙashin bututu take ɓoye shi. Pietta kuwa a gefen bututu take buga sunanta da gargaɗi baro-baro, abin da masu son tarihi ba sa so.

Amma ciki fa? Nan ne nake ganin mutane suna biyan kuɗin suna kawai. A samfurin 1851 da na 1860 na Colt, kamfanin Amurka da ake kwaikwayon bindigoginsa, silinda, wato gangar nan mai gurabe shida da ake ɗurawa, tana juyawa ne a kan wani sandan ƙarfe mai kauri, bututun ya shige kan sandan, a soke shi da ɗan weji, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe su tare. An daɗe ana kuka da Uberti cewa sandan nata yakan gaza kaiwa ƙarshen raminsa. Da ka ƙara buga wejin, sai bututun ya matso ya danne silinda, ta ƙi juyawa, saiti kuma ya riƙa sauyawa duk sanda aka kwance aka ɗaura. Ana gyarawa da 'yar wosha, amma mai sabuwar bindiga bai kamata ya fara da gyara ba. Pietta a da ita ake rainawa, sai dai tun da ta koma yankan ƙarfe da injin mai kwamfuta, wannan wurin ya zauna mata sosai.

Idan samfurin 1858 na kamfanin Remington kake so, wannan matsalar ba ta taso ba, domin gangar jikinta ɗaya ce, da ƙarfe a saman silinda. Bambancin kamfanonin biyu a nan kaɗan ne, sai dai mariƙin Pietta ya ɗan fi cika hannu.

Abin da nake roƙonka shi ne kada araha ta ja ka ga mai jikin tagulla. Tana da sheƙi, amma tagulla ba ta jure ɗuri mai nauyi: a hankali silinda take cin bayan jikin, komai ya saki. Kuma Colt bai taɓa ƙera samfurin 1851 da jikin tagulla a faɗin bakin bututu .44 ba.

In ka samu dama, ka riƙe ta kafin ka biya. Ka tabbatar babu ɗuri, ka ja gudumar, wato ƙarfen da ake ɗanawa da babban yatsa, a hankali sau shida, kowane gurbi ya kulle daram kafin gudumar ta kai ƙarshe. Ka girgiza silinda da yatsa, ka ɗaga bindigar ga haske ka ga tazarar da ke tsakaninta da bututu siririya ce kuma daidai sama da ƙasa. In ta hannu ce, ka leƙa cikin bututu, domin toka ta albarushi tana jawo tsatsa in ba a wanke ba. Albarushin zamani mara hayaƙi kuwa kada ya kusance ta, fasa ta zai yi a hannunka.

Ni dai don harbi a filin atisaye Pietta mai jikin ƙarfe zan ɗauka, don ajiya da kallo kuma Uberti. Ka duba dokar jiharka tukuna: dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta sa irin waɗannan cikin kayan tarihi, amma jihohi irin su New Jersey sun tsaurara. Kada kuma ka yi tunanin tahowa da ita gida, domin dokar makamai ta Najeriya ta sa libarba cikin haramtattun bindigogi, har da masu ɗurin albarushi.