Alluran rigakafi na ƙwayoyin nano: wacce ta cancanci kuɗinka a Yamai da Tawa

Da yawa daga cikin alluran rigakafi na zamani an gina su ne da ƙwayoyin nano, waɗanda ake auna girmansu da kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Waɗansu furotin ne da aka harhaɗa ya yi kama da ƙwayar cuta ba tare da yana iya hayayyafa ba, waɗansu kuma ɗigon kitse ne mai ɗauke da saƙon mRNA, wato umarnin da ke sa jiki ya ƙera furotin ɗin da garkuwarsa za ta koyi yaƙa. Kafin magidanci ya sa hannu a aljihu, ya kamata ya rarrabe wadda ake saye da wadda ake bayarwa kyauta.

Allurar zazzaɓin cizon sauro ba ta saye ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da RTS,S ta kamfanin GSK a 2021, sannan da R21 ta Jami'ar Oxford a 2023, Nijar kuma ta fara yi wa yara a Gaya cikin Satumban 2024. Sau huɗu ake yin ta, kuma kowace daga cikin biyun tana rage kamuwa da fiye da rabi a shekarar farko, don haka gidan sauro da maganin da ake raba wa yara lokacin damina suna nan a matsayinsu.

Ta ciwon hanta nau'in B tana cikin allurar penta ta jarirai, wadda ta haɗa rigakafin cututtuka biyar. Babba ne ke biya, sau uku cikin wata shida, kuma hikima ita ce ya fara gwajin jini, domin wanda ya riga ya kamu ba ta da amfani a gare shi.

Inda zaɓi yake da gaske shi ne rigakafin HPV, ƙwayar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Cervarix ta GSK da Cecolin ta ƙasar Sin suna kare mace daga nau'i na 16 da na 18, waɗanda su ne sanadin kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Gardasil ta kamfanin Merck, wadda ta fito a 2006, ta ƙara nau'i na 6 da na 11, sai Gardasil 9 ta 2014 mai nau'i tara, wadda ita ce mafi faɗin kariya, kuma galibi mafi tsada. A ganina, uban da ke da ƴaƴa mata uku gara ya yi wa dukkansu mai nau'i biyu tun suna tsakanin shekara 9 da 14, da ya yi wa ɗaya mai tara sauran su yi ta jira, musamman da yake tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda cewa allura ɗaya na iya wadatarwa a wannan shekarun. Duk da haka a fara tambayar likita a cibiyar lafiya ta unguwa ko akwai ta kyauta.

Alluran mRNA na Pfizer da Moderna, da suka fito a ƙarshen 2020 saboda korona, ajiyarsu ta dogon lokaci galibi na buƙatar sanyi ƙasa da sifili. Alluran mRNA masu warkar da sankara kuwa har yanzu gwaji ake yi, saboda haka duk wanda ya tallata maka su a Facebook ɗan damfara ne.

Sunan kamfani ba ya hana zafin watan Afrilu a Tawa, ko ɗaukewar wuta a Yamai, lalata allura. Ta HPV da ta hanta suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, kuma daskarewa na ɓata su kamar yadda zafi ke yi, don haka kada a ɗora kwalbar kai tsaye a kan ƙanƙara. A 2015 an gano jabun allurar sanƙarau a Nijar, shi ya sa farmasi mai izini kawai ya kamata a nufa, a duba ranar ƙarewar wa'adi, a rubuta lambar rukunin a katin rigakafi, a kuma kai wa mai yin allurar nan take cikin akwatin sanyi.