Aikin sa-kai a gonar zaitun kusa da birnin Kalamata na ƙasar Girka

Masu gonar sun cika alkawari: ka yi aikin awa biyar a rana, kwana biyar a mako, su ba ka ɗaki da abinci. Babu albashi, kuɗin jirgi da na bizar Shengen (ta shiga yawancin ƙasashen Turai) kuma daga aljihunka za su fito.

Ƙauyen yana yankin Mesiniya a kudancin Girka, inda girbin zaitun ke kankama daga Nuwamba zuwa Janairu. Irin Koroneiki suke nomawa, mai ƙananan 'ya'ya, na tatsar mai. Mukan shimfiɗa raga a gindin bishiya, mu karkaɗe rassa da doguwar sanda mai inji, mu tsince ganye, mu ɗura a buhu. Ba a barin buhunan su daɗe kafin a kai su injin matsa, don ɗanɗanon man yakan lalace. Kafaɗuna sun ji jiki, ba ƙarya. Amma sabon man nan, kore shar, mai ɗan yaji a maƙogwaro, in aka ɗiga shi a gasasshen burodi, sai wanda ya ci.

Da na ce ba na cin naman alade, uwargidan ba ta ko tambayi dalili ba, ta koma dafa mana miyar wake da kifi.

Inda suka gaza shi ne ɗakin kwana. Sanyi kamar me, abin ɗumama ɗaki kuma ya lalace, ba su gyara ba har na tafi. Samari sun watse birane, yawanci tsofaffi ne a ƙauyen, motar bas ma ba kullum ba. Mai niyyar zuwa ya tambayi batun ɗumama ɗaki tun kafin ya yanki tikiti.